Tagar Farko a Rigar Malam

Ummi, takwarata, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ki ɗora shi a ka ki riƙe har mu kai ƙarshe. Gida ne mai hawa huɗu, babu ƙofa babu taga. Mai ginin ta gama ta gudu ta bar shi. Wanda ya ce ba za a fasa shi ba shi ya fara fasa taga, da ya leƙa sai ya hango inda ya fi jin daɗin barci a duniya. Wane gida ne, wa ya leƙa, ina ya hango? Kada ki juya bayan takarda. Na san halinki, ke ce mai tsince naman miya kafin a kwashe tuwo.

To yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan unguwarmu ta Small Heath a Ingila. Ya baƙunta, ya ruwan Manchester da aka ce ba ya gajiya? Allah Ya tsare min ke fita da shiga, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya raba ki da sharrin mutum da na sanyi. Da hannuna nake rubuta miki, ni da na tsaya a aji huɗu, saboda haka in kin ga harafi ya karkace laifin biro ne. In kuma Hausar ta yi miki nauyi ki karanta da ƙarfi a hankali, ke da kike cewa "ina kwana" kamar mai tauna cingam.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan uwarki tana zuba miki kullum a waya. Maganarki ta rannan ce ta hana ni sakat. Kin ce malamarku ta ce kowa ya kawo aikin da ya yi da yadin gidansu kafin hutu, ke kuma naki yana nan kan kabet ɗina a ninke, kin tafi kin bar shi. Kin ce wataƙila ki ajiye kwas ɗin ɗinkin gaba ɗaya, ki dawo ki karanta haɗa magunguna yadda ubanki ya so tun farko, kowa ya huta. Na ce miki me ya yi zafi, kika ce min da Turancinki, wai ba komai, "is fayin, Hajiya." Ni na yi miki wankan jariri, yarinya. In kin ce is fayin da wannan muryar, to ba fayin ba ne.

Na san abin da ya kore ki. Duk hutun da ya wuce kina ɗakina kina jera yadi kan yadi. A ƙasa jar rigarki ta makaranta, sai guntun atamfata, sai wani tsohon shuɗin saƙi da na ba ki, sai a sama farar shaddar bayan babbar rigar kakanki Malam, Allah Ya jiƙansa. Ni na farke bayan rigar da hannuna na ba ki. Kika zana ganyaye da alli, kika bi zanen da ɗinkin sarƙa har huɗun suka zama abu ɗaya. Saura yanka kawai, a buɗe farin a ga launin da ke ƙasa, nan a tsaya a hawa na biyu, can a nutsa zuwa na uku. Sai ubanki ya leƙo ya gane shaddar saboda 'yar ƙunar turaren wuta da ke gefe. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Rigar Baba ce wannan? An farke ta, to ya isa haka. Babu mai sa mata almakashi." Kika ninke kika ɗora kan kabet ɗina. Ni kuwa na yi shiru, shirun da bai kamata tsohuwa mai baki irin nawa ta yi ba.

To zauna in ba ki labarin wautar kakarki, ko za ki tsinci abin amfani a ciki.

Wannan guntun atamfar da kika sa a hawa na uku, kin taɓa tambayar kanki me ya sa guntu ne? Turmi guda ce cif, daga kayan lefena. Ba a taɓa yin atamfa mai kyanta ba, kore da ruwan ƙwai, in kin shinshina kamar sabon littafi. Na ce ba zan ɗinka ba sai ranar da ta cancanta. Aka yi sunan ubanki, na ce ba yau ba. Aka yi bikin ƙanwata, na ce taron bai kai ba. Na je Makka na dawo, na ce ai farare ake sawa. Na ɗauko ta har ƙasar nan bayan rasuwar Malam, na tura akwatin ƙarƙashin gado jikin bango, ina ta cewa ajiya maganin wata rana. Ban san bangon gidajen nan gumi yake yi ba. Ranar da na buɗe don in nuna wa uwarki, wari ya fara gaishe mu. Danshi ya shiga, fumfuna ta yi mata zane irin nata, ninkin ya manne, ina ja tana rabewa kamar dafaffen kabeji. Uwarki ta ce, "Wayyo Hajiya, sori." Na ce ba ke za ki ba ni haƙuri ba, atamfar za a ba, shekaru tana jira a fita da ita unguwa. Abin da ya tsira bai fi ɗankwali ba, shi ne a hannunki.

Saboda haka ki ji. Abin da Allah Ya ba ki, ki fito da shi tun yana da launi. Hannunki ya iya allura, wannan kyauta ce, kuma kyauta ma tana yin fumfuna in an tura ta ƙarƙashin gado ana jiran ranar da kowa zai yarda. Ranar ba ta zuwa. Ni na jira ta har haƙorana suka fara sallama.

Sai ranar da kika ce za ki koya min irin ɗinkin naki. Kin tuna? Kika haɗa min ƙyalle uku na gwaji, kika ce, "Hajiya, ki ɗaga na saman da tsinin fil tukuna, ki tabbata shi kaɗai kika kama." Na ce ke tafi can, ina yanka yadi tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba. Na ɗora a cinya na danna almakashi, ƙarat ƙarat, daɗin yanka ya kwashe ni. Da na ɗaga, ga rami ya ratsa ukun duka, ya ratsa zanen jikina, har ina hango siket ɗin ciki. Kika yi dariya har kika faɗo daga gado. Ubanki ya shigo da gudu ya ɗauka wani abu ne ya same ni, ya tarar da ni ina leƙensa ta cikin ramin. Tun ranar ya ce a ɓoye min almakashin gidan nan.

Abin dariya ne, amma na yi irinsa da baki sau ba adadi. Mutum ya yi min laifi na sama-sama, ni kuma in nutsa har in taɓo uwarsa da kakarsa. Baki shi ke yanka wuya. Yanzu kina zaune gidan haya ɗaya da 'ya'yan mutane, wata za ta shanye miki madara, wata za ta bar tukunya a wurin wanki har ta yi gemu. Ki yi magana, ban ce ki zama tabarma ba. Amma ki ɗaga na saman kawai. Maganar madara ta tsaya a madara. Kada ki ratsa zuwa tarbiyyar gidansu, don wannan ramin ba ya ɗinkuwa.

Akwai kuma wanda har yanzu in na tuna sai na ji kunya ta kama ni. Farkon fara wannan aikin naki, kina 'yar sakandare, kin yi wani ɗan ƙarami kin huhhuda shi, bakin ramukan duk ya tsefe don ba ki iya kalmasa ba tukuna. Ƙawata Hajiya Talatu ta zo daga unguwar Sparkhill da 'yar jakarta ta goro. Don in ba ta dariya na ɗaga shi na ce, "Zo ki ga aikin ɓera, wai a Ingila har makarantarsa ake yi." Muka yi ta shewa. Ban san kina kan matakala ba. Kwana da kwanaki ba ki shigo ɗakina da allura ba. Da kika dawo kuma sai kika zauna a bakin gado kika ci gaba, kamar ba a yi ba. Na gode miki da wannan dawowar, Ummi. Da zuciyata ce a ƙirjinki da har yau ba mu shirya ba.

A can ma za ki gamu da masu bakin kakarki. Wani zai ce 'yar likita guda ta ƙare a ɗinke-ɗinken tsumma. Ki bar su. Mai dariyar aikin da ba a gama ba bai san komai ba, ni shaida ce, don ni ce yau nake ɗaukar hoton aikinki ina tura wa Talatun har ta gaji. Ke kuma in kin ga na wata bai yi kyau ba, ki tambaye ta ina ta dosa kafin ki buɗe haƙora.

Yanzu ga babbar, ki gyara zama.

Kin sha tambayata me ya sa ba na kiran sunan ubanki, sai in ce "kai" ko "wannan" ko "Likita" in ina jin tsokana. Na ce miki ɗan fari ne, kika ce to sai me? A garinmu, lokacinmu, ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa, ko kuka yake kamar zai shiɗe sai ki kau da kai har kakarsa ta zo ta ɗauka. Kunya ake ce mata, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ni kuwa na so a ce na fi kowa tarbiyya. Ana yaye shi aka miƙa wa surukata, Inna, can ya girma a ɗakinta, muna gida ɗaya kamar maƙwabta.

Abin da ba wanda ya sani, in Malam ya tafi kasuwa, Inna ta fita barka ko gaisuwa, sai in saki labule. In ɗauke shi in goya, in yi ta zagaya ɗaki ina yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, yana barci har da minshari, yawunsa na jiƙa min baya. Ina jin motsin ƙofar zaure sai in sauke shi da sauri in koma tsintar shinkafa, fuska a murtuke. Goyon sata na yi wa ɗana, kamar wata ɓarauniya.

Ya girma bai sani ba. Wata rana a falon nan yana ba uwarki labari yana dariya, ya ce, "Ni ai Hajiya ba ta taɓa goya ni ba, bayan Inna na sani." Ni ma na taya shi dariya, na ce wa zai goya wannan ƙaton kan. Na shiga ɗaki dariyar ta ƙare tun a bakin ƙofa.

Malam ma yana kunyarsa, amma shi ya fi ni dabara. In za su masallacin Juma'a sai ya ce, "Kai yaro, riƙe min hannun riga kada ta ja ƙasa." Rigar ba ta jan ƙasa, Malam dogo ne. Haka za su tafi su dawo, yaro riƙe da hannun riga yana taƙama. Wannan riƙon shi ne duk rungumar da ubanki ya samu a wurin iyayensa. To kin ga ba mugunta ta sa ya hana ki yanka ba, kuma ba raina aikinki ya yi ba. Kada ki riƙe shi a zuci. Mu muka bar shi da riga a madadin mutum.

Nasihar nan gajera ce. Kunya ado ce, ki riƙe ta, amma kada ta cinye miki abin da ya kamata wani ya ji daga bakinki. In kina son mutum ki bari ya sani tun kunnensa yana ji. Ki kira ubanki, ba sai kina neman wani abu ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar na sauko da ɗinkinki na shimfiɗa a gado. Na aika uwarki ta ɗauko min ƙaramin almakashinki mai tsini. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ba dai ke za ki yanka ba?" Na ce ke dai kira min mijinki. Allah Ya yi wa uwarki albarka, ta gane akwai wata a ƙasa, ta tafi tana danne dariya.

Ya shigo ya durƙusa. Ya ga abin da ke gado sai ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Rigar nan da aka raba gado a tumunina ta faɗo. Tawa ce, na ba jikata."

Ya ce, "Hajiya, ba maganar gado ba ce."

Na ce, "Na sani. Kai da kake farka cikin mutane safe da yamma, yadi ne ya gagare ka?"

Ya ce, "Mutum yana warkewa, Hajiya. Yadi ba ya warkewa."

Na ce, "Haka na ce da atamfata. Tambayi matarka yadda ta warke a akwati."

Sai na jawo ƙunshi daga ƙarƙashin matashi na ajiye masa a gaba. Gaban rigar ne da aikin wuyanta da hannuwan biyu, ban taɓa su ba. Na ce, "Ga inda kake riƙewa, naka ne, ka ajiye. Baya kawai na ba ta. Yarinyar nan tana can tana shirin zubar da karatunta don kada ranka ya ɓaci. In ta dawo ta zauna tana ƙirga ƙwayoyi a kanti tana haɗiyar zuciya, rigar ce za ta yi maka godiya?"

Ya tsura wa ƙunshin ido. Ni kuma na gyara tabarau, na ɗora ɗinkin a cinya, na buɗe almakashi iya buɗewarsa, na ce, "Bismillahi. Tunda ita tana tsoronka, kai kana tsoron rigar, ni ba na tsoron kowa."

Ummi, ban taɓa ganin mutum mai furfura ya yi tsalle irin wannan ba. "Tsaya, Hajiya! Tsaya! Ke za ki ratsa har katifa, ki ɓata mata aikin wata da watanni. Kawo nan."

Na miƙa masa ina ƙunƙuni, kamar an ƙwace min. Ya kai ɗinkin bakin taga wurin haske. Ya tambayi uwarki yaya kike yi, ta ce da fil kike ɗagawa. Ya zaɓi ƙaramin ganye na can kusurwa, ya ɗaga farin shi kaɗai, ya tsaga tsakiya, ya bi gefen ɗinkin sarƙarki a hankali yana barin ɗan bakin da za ki kalmasa. Hannun ko gezau. Farin ya buɗe, shuɗi ya fito, irin shuɗin rini na da wanda wanki ya sha har ya yi laushi.

Ya kai yatsa ya shafa. Ya ce, "Wannan wane tsohon zane ne?"

Ke ma kin yi min tambayar nan ranar da na ba ki, na ce miki tsumma ne kawai. Shi ban ce masa tsumma ba. Na faɗa masa duka, da labulen, da waƙar, da yawun. Bango nake kallo ina faɗa, don tsohuwar kunya ba ta mutuwa rana ɗaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga, alhali ba su yi datti ba. Can ya ce, "Ashe kin goya ni." Na ce, "Na goya, kuma nauyi gare ka kamar buhun gero." Ya yi dariya, irin wadda ake yi da hanci a toshe. Sunansa dai ban kira ba, kada ki sa rai, tsufan bai kai ni nan ba.

Da zai fita ya juyo ya ce, "A ce mata bakin nan yana son ɗinki ƙanana, kada ya tsefe." Ji min mutum. Taga ɗaya ya yanka ya zama malamin ɗinki.

Uwarki za ta kawo miki ƙunshin ranar Asabar tare da wannan takardar, da yaji, da kukar da kika manta. Shi ya ninke da kansa. Sauran ganyayen suna jiranki, kowanne ki san hawan da za ki tsaya. Ki bar farin da yawa, Malam mutum ne mai son a gan shi. Atamfata kuma ki buɗe mata taga babba, ta daɗe a ɗaki, ta fita ta ga Manchester.

Na gode wa Allah da Ya ja kwanana na ga wannan. Na gode miki, takwara. Na zo ƙasar nan ina ganin zaman jiran ƙasa kawai ya rage min, daga hita sai carbi sai leƙen bas ta taga. Kika shigo min da tsummokaranki kika cika min ɗaki da zare, har a shayina ina tsintarsa. Ba don ɗinkin nan naki na ɓeraye ba, da na tafi da maganar nan kabari.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci mai zafi, ki sa safa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a hannunki da idonki, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani. Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo min da ke lafiya, Ya jiƙan Malam da Inna, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.

Ni ce kakarki mai sunanki, wadda aka hana almakashi.

Ga amsar. Gidan ɗinkinki ne. Mai leƙen ubanki ne. Abin da ya hango kuwa shuɗin zanen da na goya shi da shi ne.